Haruffa uku da suka ci min barci: yadda muka kawo injinan niƙa daga Sin zuwa Damagaram

Shekara 11 ina sayar da kayan gyaran injin niƙa a wani ɗan shago kusa da kasuwar Dole, kuma duk tsawon wannan lokaci Kano nake saro kaya. In bi ta Matamaye, in yi fito a Ɗan Barto, kafin kwana uku na dawo gida. Kalmomin da wannan hanya take buƙata ba su da yawa: duwan, fito, dillali, la'ada, kuɗin mota. Da muka haɗa jari ni da abokaina biyu a farkon 2025 don mu sayo injinan kai tsaye daga ƙasar Sin, sai na tarar da wani yare daban, rabinsa Faransanci, rabinsa haruffa uku uku, kuma kowace kalma a cikinsa tana faɗin wanda zai biya da ranar da biyan zai fara. Na rubuta wannan ne saboda ɗan'uwa ɗan kasuwa da ke shirin bin wannan hanya, don kada ya koyi kalmomin da kuɗinsa kamar yadda muka koye su.

Abu na farko shi ne takardun kaina. Rajistar kasuwanci, wadda ake kira RCCM, ina da ita tun da daɗewa daga ofishin magatakardan kotu, amma NIF, wato lambar mai biyan haraji da ofishin haraji ke bayarwa, sai a lokacin na tsaya na gyara ta yadda ya kamata. Zuwa uku na yi, da kwafin katin ɗan ƙasa da kwafin rajistar da hotuna. Da sunana za a shigo da kayan mu uku, kuma ba a shigar da sanarwar kaya a duwan da sunan ɗan kasuwa sai da wannan lamba. Wannan matakin bai wahalar da ni ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba.

Mai sayar da kayan mun same shi ne ta hannun wani da ke zaune a Gwangzu. Muna cikin ciniki sai bikin sabuwar shekararsu ya zo, 29 ga Janairu, masana'antu suka rufe, aka yi kusan mako uku babu wanda ke amsa mana WhatsApp. Da suka dawo ya aiko da takarda mai suna faktir furoforma, wato takardar da ke nuna kaya da farashi kafin a biya. A ƙasanta an rubuta jimilla dala 12,000, dalar Amurka ke nan ba dalarmu ta sefa 5 ba, a gefe kuma haruffa uku: FOB Gwangzu. Mu ukun babu wanda ya tsaya a kan haruffan. Mun lissafa kuɗin da sefa, muka ga ya fi na Kano sauƙi nesa ba kusa ba, muka ɗauka abin da ya rage shi ne kuɗin mota daga bakin teku da kuma fito. Na kai takardar banki, suka riƙe kwafi tare da na NIF da rajista, suka tura kashi 30 cikin 100 na kafin alƙalami. Sai bayan kuɗin ya tafi ne wani ma'aikacin bankin ya tambaye ni wa zai ɗauko mana kayan a jirgi. Na ce ai mai kayan ne. Ya nuna min haruffan da bakin biro, ya ce in je in nemi taransita tun yau.

Taransita shi ne wakilin da hukumar duwan ta amince da shi ya shigar da sanarwar kaya a madadin ɗan kasuwa. A nemi mai lasisi, domin akwai masu yawo da jaka a bakin ofis waɗanda su ma wani suke kai wa aikin. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne, ofishinsa ɗaki ɗaya a Zango, da kwamfuta biyu da yaro guda. Ya karanta takardar bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ƙanena, ka san inda alhakin mutumin nan ya ƙare?" Na ce, "Alhaji, sai ka faɗa min." Ya ce FOB na nufin mai kaya zai kai su tashar jirgin ruwa ta ƙasarsa ya ɗora a jirgi, shi ke nan ya wanke hannu. Kuɗin jirgi, wanda suke kira fire, namu ne. Inshora tamu ce. In kwantena ta faɗa teku bayan an ɗora ta, asarar tamu ce. Da an rubuta CAF Lome, wanda masu Turancin Ingilishi ke rubutawa CIF, da mai kayan ne zai biya jirgi da inshora har Lome, amma ko a nan ɗin haɗarin hanya yana komawa kan mai saye ne tun daga ɗora kaya, inshorar ce kawai za ka bi. Da kuma EXW ne, to a ƙofar masana'anta zai ajiye maka, ko motar da za ta kai tasha kai za ka nema. Waɗannan haruffa sunansu Inkotam, ƙungiyar ƴan kasuwa ta duniya da ke Paris ce ke tsara su, kuma a tsarin 2020 guda 11 ne. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya shafi fiton Nijar. Ranar na fita daga ofishin Alhaji da ƙarin sefa miliyan 1 da jika 700 a wuyanmu na jirgi da inshora, kuɗin da ba ya cikin lissafinmu ko kaɗan. Cikin azumi ne, kuma na tuna na sha ruwa a wannan yamma ban iya cin komai ba, ina tunanin yadda zan fuskanci abokaina. Rashin sani ya fi dare duhu, amma su ma ba su ga haruffan ba, sai muka raba nauyin uku.

Kayan sun hau jirgi a ƙarshen Maris cikin kwantena mai ƙafa 20, wato ƙaramar, babbar ita ce mai ƙafa 40. A nan na koyi kalmar da ta fi kowace muhimmanci a harkar teku, konesima. Takarda ce da kamfanin jirgi ke bayarwa, shaida ce ya karɓi kayan, yarjejeniyar dako ce, kuma wanda ke riƙe da ta asali shi ne mai ikon karɓar kaya a tasha. Mai sayarwa ya aiko mana hotonta kawai, ya ce ta asali tana hannunsa sai mun cika kashi 70 da ya rage. Na ji haushi a lokacin, amma da na natsu na ga ko ni ne haka zan yi, domin ita ce kaɗai igiyar da ke hannunsa. Da muka cika, Alhaji ya ba da shawara kada mu jira a aiko takardar ta jirgin sama, mai kayan ya mayar da ita ga kamfanin jirgi a can, su kuma su sanar da ofishinsu na Lome cewa a sake mana kaya. Wannan shi ake kira teleks rilis. Tare da ita akwai faktir ta ƙarshe, da lis ɗin kolisaj mai nuna adadin ƙunshi da nauyin kowane, da takardar shaidar ƙasar da aka ƙera kayan.

Akwai kuma wata takarda da ba mu san da ita ba sai da jirgi ya kusa isowa: BSC, takardar bin sawun kaya, wadda hukumar CNUT mai kula da masu amfani da sufuri a Nijar ke buƙata kan kayan da za su shigo ƙasar. Ya kamata a buɗe ta tun lokacin ɗora kaya. Mutuminmu na Gwangzu ya ce ya ɗauka taransita ne zai yi, mu kuma mun ɗauka shi ne zai yi. Kafin a tattara takardu a gyara, jirgi ya riga ya sauke kwantena a Lome.

Dalilin bin Lome kowa a nan ya san shi. A da hanyar kayan Nijar ita ce Kwatano, a hau zuwa Malanbil, a tsallaka gada zuwa Gaya, daga Dosso a miƙo gabas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe wannan iyaka, sai kaya suka koma tashar Lome ta Togo, su ratsa Burkina Faso. Alhaji yana da abokin aiki a Lome, shi ya riƙa kira na, kuma daga bakinsa na fara jin faranshiz da surestari. Faranshiz su ne kwanakin da kamfanin jirgi ya ba ka kyauta ka riƙe kwantenarsa bayan an sauke ta. Da sun ƙare sai surestari ya fara, wato tarar kowace rana, kuma tarar tana ƙaruwa in kwanakin suka yi yawa. Ban da wannan, ita ma tashar tana da nata kuɗin ajiya, magazinaj, da nata lissafin kwanaki daban. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na ji cewa ana iya neman ƙarin kwanakin faranshiz tun lokacin da ake cinikin kuɗin jirgi, musamman ga kayan ƙasashen da ba su da teku irin tamu. Ba mu nema ba saboda ba mu san kalmar ba. Kwana 9 muka biya, tsakanin jiran takarda da neman mota, abin ya tashi kusan jika 300.

Sai kuma aka ce mu zaɓa: ko kwantena ta taho har Damagaram, mu ajiye wa kamfanin jirgi kuɗin jingina mai nauyi, kosiyo, wanda ba za a mayar ba sai ta koma Lome babu lahani, ko kuma a yi depotaj, a buɗe ta a tasha a kwashe kayan zuwa cikin kamyo a mayar musu da abinsu. Da yanayin hanya, babu wanda zai iya cewa ga ranar da kwantena za ta koma, kuma duk kwanan da ta yi a hanya ana lissafa shi. Muka zaɓi depotaj. Ina ganin mun yi daidai, ko da yake injin ɗaya ya iso da murfinsa a lotse, kuma na tabbata wajen juyin ne.

A Lome ba mu biya fito ba, kuma wannan yana rikita mutane da yawa. Kayan da za su wuce wata ƙasa ana sa su ne ƙarƙashin taranzit: duwan ɗin Togo su rufe motar da hatimin dalma, su ba da takardar wucewa da ake kira T1, a biya kuɗin lamuni wanda ke tsaya wa harajin idan kayan suka ɓace a hanya aka sayar da su a inda ba a nufa ba. A kan takardar ake rubuta ofishin da kayan za su sauka, kuma Alhaji ya nanata wa abokin aikinsa a rubuta Zinder, wato Damagaram, domin in aka rubuta Yamai to can za mu je mu yi fito. Motar ta tashi ta Sinkase ta shiga Burkina, sannan ta tsaya jiran ayari. Ta Kaya da Dori zuwa Tera motoci ba sa tafiya su kaɗai, sai an tara su da yawa sojoji su raka su. Direban yakan kira ni in ya samu layi, wani lokaci kwana huɗu shiru. Sallar layya ta same shi a can, ni kuma na yi tawa a gida jikina a sanyaye, rabi don jarin mutum uku, rabi don bawan Allah da ke kwana ƙarƙashin mota saboda kayana. A waɗannan kwanaki na riƙa tuna abin da tsofaffi ke ba mu labari na zamanin Sarki Tanimun, da attajiran Zango irin su Malam Yaro, da ayarin raƙuma masu zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina. Madugu da jiran ayari da biyan fito a ƙasar kowane sarki ba baƙin abu ba ne a garin nan. Daga Yamai, kusan kilomita 900 ta Dosso da Ƙwanni da Maraɗi da Tasawa, kwana uku kawai ya yi. Kwana 41 ke nan daga Lome.

Motar ta shiga harabar duwan ta Damagaram ranar Lahadi da dare. Litinin da safe na je wurin Alhaji ina ɗokin a shigar da sanarwa, sai na same shi ya baje faktir da lis ɗin kolisaj gefe da gefe. Ya ce, "Ƙanena, faktir ta ce ƙunshi 46, lis ya ce 48. Mene ne biyun?" Na kira mai kayan, ya ce kwali biyu ne na fitilun hannu ya saka mana kyauta don mu gwada kasuwa. Na ce wa Alhaji ai kyauta ce. Ya ce duwan ba ta san kyauta ba, duk abin da ya shigo yana da daraja, kuma in aka ƙirga aka samu abin da ba a sanar ba, ya zama kwantansiye, wato shari'ar duwan, da tara da za ta ninka kuɗin fitilun. Kwana biyu muka ƙara kafin mai kayan ya aiko da faktir mai nuna darajarsu. Wannan dubawar ta minti goma ta fi min duk abin da na biya Alhaji.

A kwana biyun nan ne ya zaunar da ni ya nuna min yadda ake lissafin. Ya ce abu uku duwan ke tambaya kan kowane kaya: mene ne shi, daga ina ya fito, nawa ne darajarsa. Amsar ta farko lamba ce, pozisiyo tarifer. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a duk duniya, namu na yankin nan kuma ya kai goma. Injinan niƙan hatsi suna ƙarƙashin 8437. Lambar ce ke jefa kaya cikin ɗaya daga rukunai biyar na TEC, jadawalin harajin bai ɗaya da aka fara aiki da shi a Janairun 2015: sifili ga kayan da rayuwa ba ta yi sai da su kamar magunguna, kashi 5 ga kayan masarufi da ɗanyun kaya da injinan aiki, kashi 10 ga kayan da za a ƙara sarrafawa, kashi 20 ga kayan amfanin yau da kullum da aka gama ƙerawa, kashi 35 ga waɗanda ake son kare masu yin irinsu a gida. Injinanmu suka faɗa kashi 5, fitilun kuma kashi 20. Asalin kaya kuwa ƙasar da aka ƙera su ne, ba tashar da suka biyo ba. Ɗaya daga abokaina ya so ya ce ai daga Togo suka zo kuma Togo tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin nan masu amfani da sefa, kamar mu, sai Alhaji ya ce masa injin da aka ƙera a Sin ɗan Sin ne ko ya shekara a Lome. Daraja kuma ba abin da ke kan faktir ɗinmu ta FOB ba ce kawai, sai an ɗora kuɗin dako da inshora a kai, shi ya sa suke cewa darajar CAF. Ashe kuɗin jirgin da ya hana ni cin abinci shi ma sai an biya haraji a kansa.

Ga misalin da ya rubuta min a bayan ambulan, kan kowane miliyan 1 na darajar CAF a rukunin kashi 5. Harajin duwan jika 50. Kuɗin ƙididdiga, kashi 1, jika 10. Na UEMOA da ake kira PCS, jika 8. Sai rabin kashi ɗaya, jika 5, wanda a da na CEDEAO ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 29 ga Janairun 2025, kuma a ƙarshen Maris shugabannin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, suka sanar da nasu mai wannan adadi. Sannan TVA, harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, kashi 19, wanda ba a kan miliyan ɗin kaɗai ake lissafa shi ba, sai an haɗa da harajin da aka riga aka ɗora, ya zama jika 200 da ɗoriya. Ga kuma wani kaso na harajin riba da ake cira tun a bakin shigowa, wanda marar NIF ya fi mai ita biya. Wanda ya ji "kashi 5" ya yi lissafi da shi kaɗai zai tarar da abin da ya haura kashi 27. Na tambayi Alhaji batun egzonerasiyo, yafe haraji, tunda injinan na sarrafa amfanin gona ne. Ya ce yafewa takarda ce da ake nema a samu kafin kaya su iso, ba magana ce da ake yi a gaban jami'i ba.

Laraba yaron Alhaji ya shigar da sanarwar a SIDONIYA, manhajar da duwan ke aiki da ita, a matsayin kayan da za a sayar cikin ƙasa. Manhajar ke raba sanarwa zuwa layi: kore a wuce, shuɗi a wuce a duba daga baya, rawaya a binciki takardu, ja a buɗe kaya. Mu ja muka samu. Gabana ya faɗi, amma Alhaji ya ce sabon mai shigo da kaya kada ya yi mamakin ja. Alhamis, ranar kasuwar Dole, na rufe shago na wuni a harabar. Aka cire hatimi a gabanmu, ƴan dako suka sauke, wani jami'i ya yi eko, wato ƙirgar ƙunshi ɗaya bayan ɗaya, 48 cif. Mai binciken ya sa aka buɗe akwati biyar da kwalayen fitilun biyu, ya gwada lambar jikin injin da ta takarda, ya tambaye ni na hatsi ne ko na gyaɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na gero da dawa da masara ne." Ya rubuta, ya sa hannu. Washegari aka yi likidasiyo, wato aka tsayar da abin da za mu biya, na kai kuɗin wurin mai karɓa, aka ba ni kitans, wato takardar shaidar biya, sannan aka fitar da bon a anlebe, izinin ɗaukar kaya. Bayan sallar Juma'a muka loda, mai gadin ƙofa ya duba takardar fita, kafin magariba injinan suna mangazata.

Da muka zauna mu uku da littafi, abin da muka kashe daga Gwangzu zuwa ƙofar mangaza ya kusa ninka abin da ke kan faktir. Mun ci riba, amma ba irin wadda muka hango ba, kuma wata shida jarinmu yana kwance. Abin da zan ce wa mai niyya shi ne ya kai faktir furoforma wurin taransita kafin ya kai ta banki, ya nemi a ba shi lambar kayansa da lissafin fito a rubuce tun kafin ya tura ko dala. Ya nemi mai kaya ya ba shi farashi biyu, na FOB da na CAF, ya gwada. Ya faɗi da baki wa zai buɗe BSC, ya sa a rubuta masa kwanakin faranshiz a yarjejeniyar jirgi, ya hana a saka masa ko allura da ba ta kan faktir. Kitans da kwafin sanarwa kuma a adana su, domin an taɓa tare wani da ya sayi injin a wurina a hanyar Tanut, kwafin kitans ɗin da na aika masa ta waya shi ya sake shi.

Odarmu ta biyu tana hanya yanzu. A kan takardar an rubuta CAF Lome, kwanakin faranshiz 21, kuma lis ɗin kolisaj yana kan teburin Alhaji tun kafin a rufe kwantena.